Tarihin Furen Okid da Ɗakin Gilashi

Sau da yawa a kan ji uba yana ƙunƙuni in ya ga ɗansa ya komo daga makaranta da laka a ƙafa. Sai ka ji ya ce shi karatu ya aike shi, bai aike shi ban ruwan lambu ba. Wanda ya faɗi haka yana da hujjarsa, gama ya san zafin fartanya, ba ya kuwa so ɗansa ya ƙare a kanta. Amma akwai wani tarihi da ya kamata ya ji tukuna kafin ya yanke hukunci. Tarihin wani fure ne da a ke kira okid, wanda ya gagari attajirai da manyan masana na Turai shekara da shekaru. Sun kashe masa dukiya mai yawa, sun gina masa ɗakunan gilashi kamar fadar sarki, ya ƙi rayuwa. Waɗanda suka shawo kansa daga bisani kuwa, galibinsu masu lambu ne da yara, waɗanda suka duƙa suka dube shi da kyau.

Wane Irin Tsiro Ne Okid?

Okid sunan dangi ne, kamar yadda in an ce hatsi a ke nufin gero da dawa da maiwa gaba ɗaya. Masana sun ƙidaya fiye da iri 25,000 cikin wannan dangi. Ana samunsa ko'ina cikin duniya in ban da nahiyar ƙanƙara ta can ƙarshen kudu, amma ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama.

Ya kasu kashi biyu manya. Akwai na ƙasa, mai saiwa da kauri kamar rizga, inda ya ke ajiye abincinsa. Irin wannan yana nan a dazuzzukan kudancin Zazzau da kan tudun Jos. Da rani ya kan bushe ya ɓace sarai, sai bazara ta kama ka ga ya ɓullo da fure, wani ma tun bai yi ganye ba. Akwai kuma na bisa, wanda ke zaune a kan rassan manyan itatuwa. Mai karatu zai ce, ai kauci ke nan. A'a, akwai bambanci. Kauci ya kan soka saiwarsa cikin jikin itacen da ya hau, ya yi ta shan ruwansa har reshen ya ƙanjame. Shi okid aron wurin zama kaɗai ya ke yi. Saiwoyinsa a fili su ke, lulluɓe da wani farin ɓawo mai laushi kamar soso, wanda ke tsotsar ruwan sama da raɓa da ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya maƙale a reshe. Da ruwa ya ɗauke sai iska ta bi ta busar da su. A riƙe wannan magana da kyau, don rashin saninta shi ya jawo yawancin hasarar da za mu ba da labari.

Ƙwayar irinsa kuma abin mamaki ce. Ta fi ƙwayar taba ƙanƙanta nesa, kamar ƙura ta ke, har a kan sami fiye da miliyan ɗaya cikin kwanso guda na waɗansu irin. Ƙwayar gero tana ɗauke da guzurinta, shi ya sa ta ke tsira da zarar ta ji laima. Ta okid ba ta da guzuri ko kaɗan. Yadda ta ke yi ta tsira ya zauna a ɓoye ga mutane har ƙarshen ƙarni na 19.

Yadda Ya Isa Turai

A shekarar 1818 wani Bature mai suna William Swainson ya aika da waɗansu tsire-tsire daga ƙasar Barazil zuwa Ingila. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa mai son lambu, William Cattley, wanda ke zaune kusa da Landan. Da ya yi fure, sai ga abu mai faɗin tafin hannu, ruwan hoda, da leɓe ja wur mai tattara kamar bakin riga. Wani saurayi masanin tsire-tsire, John Lindley, ya raɗa masa suna Cattleya don girmama mai lambun. Labari ya bazu, masu hali suka shiga neman okid ido rufe.

Amma kawo shi ya zama aiki. A zamanin nan jiragen ruwa da iska su ke tafiya, su kan yi wata da watanni bisa teku. In an ajiye tsiron a sarari, feshin ruwan gishiri ya ƙone shi. In an sa shi cikin jirgi, duhu da ɓeraye su gama da shi. Ruwan daɗi kuwa da awo a ke ba ma'aikatan jirgi, wa zai zuba wa ciyawa nasa?

Maganin wannan ya fito daga hannun wani likita na gabashin Landan, Nathaniel Ward. A 1829 ya sa wata tsutsa cikin kwalba da 'yar ƙasa mai laima, ya rufe, yana so ya ga yadda za ta rikiɗe ta yi fiffike. Bayan 'yan kwanaki sai ya ga ciyawa ta tsiro cikin kwalbar, ta ci gaba da girma ba tare da an ba ta ruwa ba. Da ya lura sai ya gane dalili. Da rana laimar ƙasar ta kan tashi ta taru a jikin kwalba, da dare ta gangaro ta koma ƙasa, kamar yadda gumi ke taruwa a murfin tukunya ya ɗiga ciki. Wani da ya ga haka sai ya zubar ya wanke kwalbarsa. Shi kuwa ya sa kafinta ya yi masa akwatuna na katako da gilashi, ya cika biyu da tsire-tsire, ya sa su a jirgi zuwa Ostareliya a 1833. Suka isa da ransu bayan watanni a teku.

Wannan akwati ya sāke fuskar noma a duniya. Cikinsa aka ɗauki dashen shayi daga Sin zuwa Indiya, da dashen itacen da a ke yin kwinin da ɓawonsa, da dashen itacen roba wanda aka raina a lambun Kew na Landan a 1876 aka kai Silon da Malaya. A 1845 kuma gwamnatin Ingila ta soke harajin gilashi, ya yi araha. Nan da nan ɗakunan gilashi suka yawaita, aka gama babban nan na Kew a 1848. Amfanin irin wannan ɗaki shi ne, hasken rana ya kan ratsa gilashi ya ɗumama abin da ke ciki, gilashin kuma ya hana iska mai ɗumi fita, sai tsiron ƙasar zafi ya sami mafaka daga sanyin Turai.

Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne

To, ga hanyar kawo okid ta samu, ga ɗaki an gina, amma mutuwa ba ta tsaya ba. Masanan Ingila sun ji an ce daga ƙasar zafi ya fito, sai suka ɗauka duk ƙasar zafi ɗaya ce, watau surƙuƙin kurmi mai turiri dare da rana. Saboda haka suka toshe kowace kafa ta ɗakin, suka hura wuta ƙarƙashin daɓe, suka yi ta kwara ruwa, suka binne saiwoyin cikin ruɓaɓɓen itace da ƙasa mai danshi. Tsiron da ya saba da iskar ƙwanƙolin itace sai ya ruɓe cikin 'yan watanni. A sāke sayo wani, shi ma ya bi sawu. Dubbai suka hallaka haka, har aka riƙa kiran Ingila kabarin okid. Lindley kansa, wanda ya fi kowa sanin sunayensu da kamanninsu, yana cikin waɗanda suka ba da shawarar zafi da turiri tun da fari.

Abin da ba su sani ba, da yawa daga cikin waɗannan furanni a kan duwatsu masu tsawo aka samo su. Akwai wani farin okid na ƙasar Kolombiya da ke zaune a tsaunuka masu tsawon ƙafa 7,000 ko fiye, inda dare ke da sanyi kamar tsakiyar hunturu a Katsina. Ka ga sa irin wannan cikin ɗaki mai turiri daidai ya ke da ɗaure raƙumi cikin fadama.

Masu lambu ne suka fara ganewa. Babba cikinsu shi ne Joseph Paxton, ɗan manomi, wanda ya fara aiki yana yaron lambu, ya zama shugaban lambun wani basarake a Chatsworth a 1826. Shi bai tsaya ga abin da littafi ya ce ba. Ya aiki wani yaronsa, John Gibson, zuwa duwatsun arewa maso gabashin Indiya a 1835, ya kuma riƙa tambayar duk wanda ya komo daga tafiya: a ina ka same shi, bisa itace ko bisa dutse, cikin inuwa ko a sarari, wane wata a ke ruwa, wane wata ba a yi? Sa'an nan ya buɗe tagogi, ya rage wuta, ya ba tsiron hutu daga ruwa a lokacin da ƙasarsu ke rani. Nasa suka rayu suka yi fure. Sannu a hankali sauran suka bi, aka koma raba ɗakin gilashi kashi uku, mai zafi da matsakaici da mai sanyi, kowane tsiro a kai shi inda ya yi kama da gidansu. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mai Lambu a Kogin Kwara

Ƙasarmu ma tana da hannu cikin wannan tarihi. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku masu tafiya da wuta su hau kogin Kwara, don su ƙulla alkawari da sarakunan bakin kogi a kan barin cinikin bayi, su kuma kafa gonar gwaji kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lakwaja ta ke yanzu. Samuel Ajayi Crowther yana cikin tafiyar. Zazzaɓi ya faɗa musu, ya kashe Turawa fiye da 40, sauran suka janye zuwa tsibirin Fanandofo, wanda a yau a ke kira Biyoko.

Cikin waɗanda suka tsira akwai wani mai lambu, John Ansell. A tsibirin nan ya ga wani okid maƙale a jikin itacen kwakwar manja, furensa rawaya da ɗigo-ɗigo masu duhu kamar fatar damisa. Da samfurin ya isa Ingila, Lindley ya sa masa suna Ansellia africana a 1844. Ana samun wannan tsiro a ƙasashe da yawa na Afirka, har da Nijeriya, kuma yana jure rani fiye da yawancin danginsa. Yana da wata dabara: waɗansu saiwoyinsa sama su ke miƙewa, sirara, su yi kamar kwando, su tare busasshen ganyen da ke faɗowa, in ya ruɓe ya zama takinsa.

Yaron da Ya Gagari Manya

A wannan shekara ta 1841 wani abu ya faru a wani ɗan tsibiri cikin tekun Indiya, gabas da Madagaska, wanda ke hannun Faransa, sunansa Reyuniyon. Kafin mu ba da labarin sai mu bayyana abu guda. Fure ba ya zama ɗa sai garin namiji ya sadu da sashen mace. Mutanen Agadas da Bilma sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa su ke hawa macen dabino su ɗaura mata furen namiji. Ga yawancin tsire-tsire iska ko ƙwari ke yin wannan aiki. Okid kuwa sau da yawa kowane iri da ƙwaronsa. Charles Darwin ya ga wani farin okid na Madagaska a 1862, mai wani siririn bututu kusan ƙafa ɗaya wanda zaƙinsa ke can ƙasa, ya ce lalle akwai ƙwaro mai harshe da ya kai wannan tsawo. Aka sami ƙwaron a 1903, bayan rasuwarsa.

To, cikin dangin okid akwai guda da a ke ci, shi ne banila, wanda a ke sa ƙanshinsa cikin biskit da kek da alewa. Asalinsa ƙasar Mekziko ne, yana yaɗo kamar wake, kwansonsa ne ke da ƙanshin. Turawa suka kai shi ƙasashen da su ke mulki, ya yi yaɗo, ya yi fure, amma ba 'ya'ya, don an baro ƙwaronsa a gida. Wani masani a ƙasar Beljiyam, Charles Morren, ya sami hanyar haɗa furen da hannu wajen 1836, amma hanyar tasa ba ta bazu a gonaki ba.

A Reyuniyon akwai wani yaro bawa, maraya, sunansa Edmond, an haife shi a 1829. Ubangijinsa, Bellier-Beaumont, mai son tsire-tsire ne, ya kan zaga gona da shi, ya kuma nuna masa yadda a ke haɗa furen wani tsiro dangin kankana. Yaron ya je ya zauna gaban furen banila ya yi ta dubawa. Sai ya gane namiji da mace duk suna cikin fure guda, wani ɗan marfi ne kawai ya raba su. Ya ɗauki siririn tsinke ya ɗaga marfin, ya danna da babban yatsa, suka haɗu. Shi ke nan. Yana da shekara 12. Da ubangijin ya ga kwanso a jikin kurangar da ta shekara da shekaru ba ta haihu ba, bai gaskata ba sai da yaron ya sāke yi a gabansa. Aka riƙa ɗaukarsa gona gona yana koya wa manya.

Daga baya wani Bature masanin tsire-tsire na tsibirin ya ce shi ne ya koya wa yaron. Bellier-Beaumont ya rubuta takarda ya ƙaryata shi, don haka sunan yaron bai ɓace ba. An 'yanta bayin tsibirin a 1848, aka ƙara masa suna Albius, amma bai ci moriyar aikinsa ba, ya rasu cikin talauci a 1880. Har wa yau da dabararsa a ke aiki a Madagaska, ƙasar da ta fi kowace noman banila. Furen yini ɗaya kaɗai ya ke buɗewa, saboda haka kowace safiya manoma su kan bi kuranga da tsinke, fure bayan fure, sa'an nan su jira kamar wata tara kwanso ya ƙosa. A kan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne ga sha'anin zaman duniya. Amma abin da ke cikin fure, wanda ya duƙa shi ke ganinsa.

Ɓarnar Daji da Asirin Iri

Da ya ke ba a iya shuka irin okid ba, duk wanda a ke sayarwa a Turai daga daji a ke ɗebo shi. Manyan 'yan kasuwa, irin su Frederick Sander, suka baza ma'aikata cikin duniya. Waɗansu suka mutu da zazzaɓi, waɗansu suka nutse a kogi. Ɓarnar da suka yi kuwa ba ta da iyaka, gama hanyar da ta fi sauƙi ta kai ga tsiron da ke ƙwanƙoli ita ce a sare itacen. Ɗaya daga cikinsu, Albert Millican, ya rubuta da hannunsa cewa ya sa an kayar da itatuwa wajen 4,000 a Kolombiya don ya tara okid 10,000. A 1906, shekarar da aka ba Muhammadu Dikko sarautar Katsina, an yi gwanjon okid guda ɗaya tak a Landan a kan fiye da fam 1,200.

Tun 1856 wani mai lambu, John Dominy, ya haɗa iri biyu dabam ya sami barbarar yanyawa ta farko da ta yi fure, amma tsirar da ƙwayar sai an yi sa'a. A 1899 wani saurayi Bafaranshe, Noël Bernard, yana yawo cikin daji ya tarar da ƙwayoyin okid suna tsira ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Da ya duba su da madubin ƙara girma, sai ya ga kowace akwai zaren fumfuna cikinta, dangin naman kaza. Ashe fumfunar nan ita ke ciyar da ƙwayar har ta yi ganyen kanta. Manomin dawa ba zai yi mamakin wannan ƙwarai ba, don ya san ƙuduji, wanda irinsa ke kwance cikin ƙasa shekaru, ba ya tsira sai ya ji saiwar dawa ko gero kusa da shi.

A 1922, shekarar da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wani malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, Lewis Knudson, ya ce in dai abinci ne fumfuna ke bayarwa, to, a ba ƙwayar abincin kai tsaye. Ya dama sukari da gishirin taki cikin wani abu mai daskarewa da a ke samu daga ciyawar teku, ya dafa cikin kwalba don ya kashe duk wata ƙwayar cuta, ya barbaɗa irin, ya toshe. Suka tsiro dubbai. A 1960 kuma Georges Morel na Faransa ya nuna yadda za a yanki ɗan ƙaramin tsiron ido a raine shi cikin kwalba ya hayayyafa. Daga nan furen da dā sai basarake ya zama na kowa. A 1973 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Washinton don tsare dabbobi da tsire-tsire masu shirin ƙarewa, Nijeriya kuwa tana ciki. Bisa ga wannan yarjejeniya ba a ƙetare iyakar ƙasa da okid na daji sai da takardar izini.

'Yan Makaranta Sun Karɓa

Da aikin ya komo ga kwalba da tsabta da haƙuri, sai ya zama abin da yara za su iya. A wani ƙauye na yammacin Ingila, cikin lardin Somerset, akwai wata makarantar sakandare ta gwamnati mai suna Writhlington. A farkon shekarun 1990 wani malamin kimiyya, Simon Pugh-Jones, ya tara 'yan yara su riƙa aiki cikin tsohon ɗakin gilashin makarantar bayan an tashi. Sannu sannu suka koma ga okid. Tsarin da suka bi shi ne, kowane yaro a damƙa masa wani sashe na tsire-tsiren ya zama nasa. Shi zai bincika ƙasar da suka fito, shi zai ba su ruwa, shi zai haɗa furensu da tsinke kamar yadda Edmond ya yi, shi zai shuka irin cikin kwalba bisa hanyar Knudson. In ya kusa fita makaranta ya koya wa na bayansa.

Suka riƙa sayar da abin da suka raina suna ɗaukar nauyin aikin. Suka kai furanninsu babban baje kolin Chelsea a Landan, inda manyan masu lambu na duniya ke gasa, suka ci lambar zinariya. Har suka yi tafiya zuwa Sikkim ta Indiya da Lawos da Ruwanda, suna nuna wa ɗalibai da ma'aikatan daji na can yadda za su raini okid na ƙasarsu daga iri, don a bar na daji ya zauna lafiya. Watau jikokin waɗanda suka sare itatuwa su ne suka komo suna koyar da raino.

Mu Fa, a Katsina?

Kada wani shugaban makaranta ya karanta wannan ya ce shi ma sai ya gina ɗakin gilashi irin na Ingila. In ya yi haka ya maimaita kuskuren Turawan farko ta bayan gida. Su sanyi ne abokin gabansu, mu kuwa rana ce da bushewar iska. A Katsina ruwan sama ba ya wuce wata huɗu, cikin watan Afirilu ma'aunin zafi ya kan haura 40, da hunturu kuma iska ta kan tsotse laimar kowane abu har leɓe ya tsage. Rufaffen ɗakin gilashi a nan murhu ne.

Abin da ya dace da mu shi ne rumfa. A kafa ta inda iska ke ratsawa, a rufe samanta da asabari ko raga, yadda haske zai shigo tsattsage kamar ƙarƙashin tsamiya. A kāre gefen arewa maso gabas da zana saboda iskar hunturu. A zuba tsakuwa a ƙasa a riƙa yayyafa mata ruwa, a jera randuna cike, gama yadda randa ke sanyaya ruwa ta wurin gumin jikinta, haka za ta sanyaya rumfa. In okid na bisa ne, kada a sa shi cikin ƙasa. A sami kasko mai huji da yawa, a cika shi da gutsattsarin gawayi da tsingaro da ɓawon itace, ko kuwa a ɗaura tsiron a jikin guntun itace a rataye. A ba shi ruwa da safe ya jiƙe sarai, sa'an nan a bar shi ya sha iska kafin a ƙara. Ruwan sama ya fi masa na rijiya mai kanwa, don haka a tara shi da damina. Taki kuwa kaɗan kaɗan, tsararo. In ganye ya yi rawaya da tabon ƙuna, rana ta yi yawa. In ya yi kore shar amma ya ƙi fure, inuwa ta yi yawa. In saiwa ta yi baƙi ta yi laushi, ruwa ya yi yawa. A fara da iri mai jure rani, a saye shi wurin masu raino, kada a je a ɓamɓaro na daji.

Makarantar da ba ta da halin okid ba ta yi hasarar kome ba, don rumfar nan ita ce kuma wurin rainon dashen mangwaro da gwaiba da bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Su ma baƙi ne. Bedi da mangwaro daga wajen Indiya suka fito, rogo da masara da gyaɗa da tumatir daga nahiyar Amurka, ga shi sun zama 'yan gari don an sami waɗanda suka koyi halinsu. Gefensu a raini namu na gado, gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, waɗanda gatari ke ci kullum ba mai mayarwa.

Abu ɗaya kaɗai za a kiyaye. Kada malami ya mai da lambu wurin horon mai laifi, don yaron da aka kai gona da bulala ba zai so ta ba har abada. A ba kowane yaro tsironsa da ɗan littafinsa, ya riƙa rubuta ranar da ya shuka, da ranar da ya tsiro, da abin da ya gani ya sāke. In ya mutu a tambaye shi dalili, a bar shi ya tono saiwar ya duba. Ku kuma iyaye da kuka yi yaƙi da jahilci kuka iya karatu da girmanku, in yaro ya komo da laka a ƙafa, ku ce ya kawo littafin nan ku karanta tare. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana abin da muka dasa.